Don Liborio Mai Ba Da Aron Huhu

A Jankopata, idan aka ce Don Liborio Ayaviri ba a ƙara bayani. Gajere ne mai faɗin ƙirji kamar adaka, da 'yan sirara-siraran ƙafafu da mutum zai yi mamakin yadda suke ɗauke da shi. Shi ne mai busa babban ƙaho a badujalar garinmu, ƙaton nan na tagulla da ake ratayawa ya naɗe mutum, bakinsa yana leƙowa ta saman kai. Ya busa shi a bukukuwa, ya busa a jana'iza, ya busa ranar waliyyin gari, ya kuma busa a wurare da dama da ba wanda ya gayyace shi.

Ubansa mahaƙin kuza ne, kamar uban kowa. Ciwon ƙirjin da ƙurar rami take sawa ya ɗauke shi yana da shekara arba'in da biyu, bayan ya daɗe yana barci a zaune don kwanciya ta gagare shi. Liborio yana da sha bakwai ya gaji hular ƙarfen uban da fitilarsa, ya shiga rami yana tura amalanken dutse. Shekara huɗu ya yi a ciki. Abin da ya fitar da shi wasa ne. Wata ranar biki mai busa babban ƙahon ya sha ya yi tatil, ya jingina da bangon coci yana minshari. Liborio ya ɗauki ƙahon don neman magana, ya hura sau ɗaya. Karnukan dandali suka watse, jakin fada, limamin cocin, ya tsinke igiya ya nufi tsauni. Shugaban badujala ya waiwayo ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan wa ne kai?"

"Ɗan marigayi Ayaviri."

"Jibi ka zo gidana. Amma ka fara kamo wa fada jakinsa."

Busa ita kaɗai ba ta riƙe gida, don haka ya buɗe 'yar rumfa yana liƙin tukwane da gyaran fitilun mahaƙa. Ya auri Doña Genara, doguwar mace marar yawan magana, mai sayar da kunun jan masara da fanke a bakin rami. Ita ce kaɗai a garin da ba ta dariyar labaransa, shi kuwa ya ce don haka ya aure ta, don ya sami abin yi har tsufa.

Yana da shekara arba'in da biyar aka aiko wa ƙungiyar mahaƙa doka daga birnin Oruro cewa duk mai shiga rami sai an auna numfashinsa sau ɗaya a shekara. Aka kawo wani akwati mai bututun roba aka ajiye a ɗakin shan magani. A matse maka hanci, ka cika ƙirji, ka hura a bututun har ka fara ganin taurari, allura kuma tana zana layi a takarda. Wanda layinsa ya yi ƙasa sai a tura shi Oruro a ɗauki hoton ƙirjinsa, kuma yawanci daga nan ya yi sallama da rami. Sai a ba shi gadin ƙofa, ko tsintar dutse a waje tare da matan da mazansu suka mutu. Abin da ake samu a waje bai kai rabin na ciki ba, ga tsiya daga abokai. A shekarar farko mutum bakwai akwatin ya fitar. Daga nan maza suka tsane shi fiye da yadda suka tsani ƙurar kanta.

Mai kula da akwatin tsohon malamin asibiti ne, Don Apolinar. Ido ɗaya ya yi yana, ɗayan kuma kullum yana kan jarida. Kalmominsa uku ne: suna, hura, na gaba.

Ana saura kwana huɗu awon shekara ta biyu, Fermin Achacollo ya shigo rumfar Liborio da cinyar busasshen naman lama, ƙaramin raƙumin tsauninmu marar tozo, a kafaɗa. Fermin ne ya riƙe 'yar Liborio ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kumpa. Aikinsa huda dutse da inji, inda ƙura ta fi ko'ina, har ba ka ganin hannunka. Ya ajiye naman a kan teburi.

"Kumpa, wannan cinyar ɓatan hanya ta yi?"

"Taka ce."

"Ban yi ciwo ba, matata ba ta haihu ba. Me na yi?"

"Ba ka yi ba tukuna. Ranar Talata za ka yi."

Ya zauna ya zayyana masa. Tari ne kawai na sanyi, in ji shi, amma akwatin nan ba ya jin bayani. 'Ya'ya shida ne a gida. Abin da yake so kawai Liborio ya sa hularsa, ya naɗe fuska da mayafi, ya shiga ya faɗi sunansa ya hura.

"Kai dogo, ni kuwa ka gan ni," in ji Liborio. "Ko makaho zai gane."

"Apolinar ya taɓa kallon wani? Bara Severo ya shiga da karensa. Da ya gama hurawa Apolinar ya ce wa karen, suna."

Liborio ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma dariyar ce ta kai shi. Ba naman ya ja shi ba, ba ma tausayin 'ya'ya shida ba sosai. Abin ya yi masa daɗi ne kawai.

Ranar Talata ya cusa ganyen koka, wanda mahaƙa suke taunawa, a kumatu har bakinsa ya karkace, ya shiga ya ce shi ne Fermin Achacollo. Aka matse masa hanci. Ya manta ba ƙaho ne a bakinsa ba, ya saki iska yadda ya saba. Allura ta haura, ta wuce ƙarshen takarda, ta tsaya tana karkarwa. Don Apolinar ya sauke jarida, ya bubbuga akwatin da yatsa, bai ko dubi mai hurawar ba.

"Achacollo, kana shan taba?"

"Na daina, Don Apolinar."

"Dainawar ta karɓe ka. Na gaba."

Magana ba ta kwana a bakin rami. Shekarar da ta biyo baya mutum shida suka zo, wani da buhun dankali, wani da cuku, wani da zakara a hammata. A ta uku suka zama sha ɗaya. Liborio kuwa ya ɗauki abin kamar sana'ar gado. Ya ce ba zai yi wa kowa busa iri ɗaya ba, kowa da nasa numfashin. Sai ya zaunar da mutum ya tambayi shekarunsa, ya sa shi ya yi tari ya saurara, ya sa shi ya yi tafiya ya gani. Tsoho Severo yakan yi masa hura mai ladabi, daidai tsallake layi, da ɗan tari a ƙarshe don ado. Samari masu cika baki yakan rage musu da gangan, wai don su san akwai na gaba da su. Bayan rumfar Doña Genara yake sauya hula da mayafi da kalar tafiya, masu sunayen kuma suna tsugune a wurin suna shan kunu, suna jiran a zo a gaya musu lafiyarsu ƙalau.

Doña Genara sau ɗaya ta yi magana. Tana juya fanke a mai, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ka ba su aron huhu. Ranar da nasu ya ƙare, kyauta za ka ba su?"

"Mamita," in ji shi, yadda yake kiranta in yana lallashi, "ke komai sai kin sa masa gishiri da yawa."

Ta ci gaba da juya fankenta.

A ƙarshen shekarar nan Don Apolinar ya aika rahoto Oruro cewa a duk lardin babu mahaƙa masu lafiyar ƙirji kamar na Jankopata. Shugaban ƙungiya, Don Casiano Vilca, ya tara mutane a dandali ya yi jawabi a kan kyawun iskar tsauninmu. Aka kira badujala. Liborio ya tsaya a layin baya yana busa wa huhunsa murna, mutum sha ɗaya kuma suna gaba suna tafi, ba mai iya kallon idon wani.

Sai Don Apolinar ya yi ritaya, aka turo Señorita Herminia Calizaya. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau da kitso ɗaya har gadon baya, shekarunta ba su kai talatin ba. Ita ma 'yar mahaƙi ce daga wani garin kuza. Mako guda ta yi ba ta auna kowa ba, tana zaune da tsofaffin takardu ta shimfiɗa su a ƙasa tana dubawa. Ranar Lahadi aka gan ta a dandali tana sauraren badujala, ta zagaya ta tsaya a bayan masu busa. Mutane suka ce baƙuwar tana son kiɗa.

Abokan cinikin Liborio suka tsorata, suka ce a haƙura bana. Shi ya ce yarinyar da aka haifa jiya ba za ta hana shi aikinsa ba.

Ranar awo ya fara shiga da ɗingishi.

"Suna?"

"Severo Quispia, Señorita."

"Yaya gwiwar, Don Severo?"

"Da sauƙi."

Ya hura, ta yi godiya. Ya fita ya sauya hula, ya dawo a rankwafe, ya ce shi ne Fermin Achacollo. Ta tambayi lafiyar yara shida, ya ce suna gaishe ta. Ya hura. A shiga ta uku ya zo da hular ulu har gira, yana magana ta hanci. Ya tarar ta ajiye kofin ruwa a kan teburi, ta jawo kujera.

"Don Liborio, zauna ka sha ruwa. Saura maka mutum takwas, kada ka faɗi mini a nan."

Ya tsaya da bututu a hannu. Ya yi tunanin musu, ya ga ba ƙofa. Ya zauna ya shanye ruwan.

Ta ɗebo takardun shekara uku ta jera masa. Ta nuna masa yadda layin kowane mutum yake gangarowa a hankali har ya ƙare. Amma layukan mutum sha ɗaya, in sun zo ƙarshe, sai su ɗan ɗaga wutsiya sama.

"Na rasa ko mene ne wannan," in ji ta, "sai da na tsaya bayanka ranar Lahadi. Haka kake ƙarasa kowace waƙa. Kana ajiye 'yar iska ka tura ta a ƙarshe."

Abin da ya fara ji a ransa, ya faɗa daga baya, ba kunya ba ne. Daɗi ya ji. Ya sunkuya ya ƙura wa wutsiyar ido.

"Ashe har a takarda ana gani."

"Ana gani. Yanzu je ka kira mini Fermin na gaskiya. Yana bayan rumfar matarka, na biyu daga hagu."

Fermin ya shigo yana harare-harare. Ta sa shi ya cire riga. Sai ta cire abin sauraren ƙirji daga wuyanta ta miƙa wa Liborio.

"An ce cikin masu busa ashirin kana gane wanda ya kauce. Fara jin naka."

Ta ɗora masa a ƙirjinsa. Ya ji iska tana shiga tana fita, shuu, shuu, kamar a buɗaɗɗen fili. Sannan ta kama hannunsa ta ɗora a bayan Fermin, ta ce Fermin ya ja numfashi. A gefen dama Liborio ya ji wani ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ɓawon masara. Ta matsa da hannunsa sama ta hagu. Can kusan bai ji komai ba. Ya jira, ya ce Fermin ya sake ja. Fermin ya ce ai ja yake yi.

Liborio ya cire abin daga kunnensa ya ajiye a hankali. Ya san wannan sautin. Ya taɓa jin sa ba da wata na'ura ba, ta bayan labule, shekarun da ubansa yake barci a zaune.

Fermin ya hura da kansa, layin ko rabi bai kai ba. A Oruro hoton ƙirji ya nuna ƙura ta cinye wuri mai yawa, ga tarin fuka ya hau kai. Likita ya ce tarin fuka yana da magani, wata shida. Ƙurar kuwa ba ta fita, sai dai a hana ta ƙaruwa, kuma da an cire shi daga rami shekara uku baya da abin bai kai haka ba. Aka auna matar Fermin da 'ya'yansa, aka sami biyu sun kamu da tarin, aka sa su a magani su ma. Cikin mutum sha ɗayan nan, huɗu ba su sake shiga rami ba.

Liborio ya yi kwana uku bai buɗe rumfa ba. Doña Genara ta ajiye masa kunu, ba ta ce na faɗa maka ba. Ya ce da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ƙungiya ta kira taro don a hukunta shi. Sai dai da aka zauna aka ga duk wanda zai tashi ya yi magana, ko shi ya taɓa kai zakara, ko ƙaninsa, ko surukinsa. Don Casiano ya yi ta gyaran murya yana duba agogo. Señorita Herminia ta miƙe ta ce tunda ba a san yadda za a yi da shi ba, a ba ta shi.

"Ki yi me da shi?" in ji Don Casiano.

"Ina neman mai tsaron ƙofa da ya san duk hanyoyin maguɗi. Ina kuma neman wanda zai koya wa mutane hurawa. Rabin mazan nan ba su iya ba. Wasu lafiyarsu ƙalau, tsoro ne yake sa layinsu ya faɗi."

Haka Don Liborio ya koma ɗaya gefen teburin. A kasuwa mata suka laƙaba masa Don Sha-Ɗaya, har yau wasu da shi suke kiransa. Yakan amsa, ya tambaya da wanne daga ciki ake magana.

A bakin ƙofa ba a taɓa samun mugun mai gadi kamarsa ba. Shekarar farko ya kama mai busa zungureren ƙaho na badujalarsu, wanda ya ga kasuwa ta buɗe ya ce bari ya gaje ta. Liborio ya ɗaga masa hula ya ce, "Kai da ko a dandali numfashinka ba ya kai ƙarshen layi, wa zai ba ka dankali?" Ya kama wani da ya turo mijin ƙanwarsa. Ya kama wani da ya sha ɗanyen ƙwai shida da barkono wai don huhu ya buɗe, ya sa shi ya zauna a waje har cikinsa ya gama shawara. Kowa sai ya cire hula da mayafi, ya tofar da koka, ya faɗi sunan uwarsa.

A cikin ɗaki kuwa yakan tsaya dab da kunnen mutum. Ya dafa masa ciki ya ce daga nan ake ɗebo iska, ba daga wuya ba. In mutum ya fara hurawa sai ya bi shi da magana ba tsayawa. "Hura, hura, hura, akwai saura, ina jin ta can ƙasa, kawo ta." In mutum ya yi ragwanci sai ya ce, "Wannan hura ce ko miya kake fifitawa? Matarka ta fi haka huci ranar da ka dawo a buge." Mutum ya yi dariya, tsoro ya sake shi, ya sake gwadawa. Maza uku da Don Apolinar ya tura tsintar dutse tun shekarar farko aka sake auna su aka ga ba abin da ya same su. Wanda kuwa layinsa ya faɗi da gaske, Liborio ne yake raka shi tashar mota zuwa Oruro, yana ba shi labarai har motar ta tashi.

Fermin dai ya daina yi masa magana. An ba shi gadin ƙofar rami, yana zaune a rana da bargo a gwiwa. Kullum da safe Liborio zai wuce ya ce, "Kumpa, mun tashi lafiya?" Fermin zai dubi tsauni. Wata biyar ana haka. Ran nan Liborio ya gaishe shi ya wuce kamar kullum, sai ya ji murya a bayansa.

"An ce da ka shiga da sunana a rankwafe ka shiga."

Liborio ya juyo. "Kaɗan."

"Yaushe ka taɓa ganin na rankwafa? Severo ka yi masa ɗingishi mai kyau, kowa ya yaba. Ni ka mayar da ni tsohuwa."

"Tsawonka nake ɓoyewa, kumpa."

"Tsawona da ba ka da shi?"

Liborio ya zauna a kan dutse kusa da shi. Sannan ya ce, "Na cuce ka."

"Da ƙafata na zo rumfarka," in ji Fermin. Ya yi tari ya huta. "Amma wutsiyar nan da kake yi wa waƙa, tun muna samari nake gaya maka ba ta da daɗi."

Señorita Herminia ta sha faɗa a taro cewa awo ba ya warkar da kowa, gaya maka kawai yake yi inda ƙura ta kai. Abin da zai rage ta shi ne a jawo ruwa zuwa injinan huda, a riƙa huda dutse a jiƙe. Don Casiano kullum amsarsa ɗaya, baɗi in Allah ya kai mu. Da aka yi baɗi biyu, Liborio ya gano cewa a duk Jankopata babu inda sauti yake fita da kyau kamar ƙofar gidan Don Casiano. Rana na fitowa zai zo da ƙahonsa ya tsaya ya yi gwaji. Ba waƙa yake busawa ba, sauti ɗaya ne, mai kauri, wanda yake sa kwanuka rawa a kan kanta.

A rana ta uku Don Casiano ya leƙo ta taga. "Liborio, ba ka da gida ne?"

"Ina da shi, Don Casiano, amma ƙura ta yi yawa a unguwarmu. Nan iska ta fi kyau. Kai ma ka faɗa a jawabi."

A rana ta shida kajin gidan suka daina ƙwai. A ta tara matar Don Casiano ta ɗaura mayafi ta je taron ƙungiya da kanta, ta ce ko a jawo ruwa ko ta koma gidan ubanta da kajinta. Aka jawo ruwa. Ba a ce kowa ya yi murna ba. Ruwan tsauni sanyi gare shi kamar ƙanƙara, ga taɓo har idon sawu, kuma har yanzu akwai masu rufe famfon in ba mai kallo. Amma samarin da suka shiga rami bayan ruwan, layukansu ba sa gangarowa da sauri kamar na iyayensu. Herminia tana da takardun.

Shi ma Liborio bai tsira ba. Ta matsa masa sai da ya je Oruro aka ɗauki hotonsa. Aka ga ɗigo-ɗigo a saman huhu kamar an barbaɗa gishiri, tsarabar shekara huɗun da ya yi yana tura amalanke. Ya dawo ransa a ɓace, ya ce hoton wani aka ba shi. Herminia ta ce to wannan karon dai ba shi ya shiga da sunan wani ba, sai dai in wani ne ya shiga da nasa. Tun daga lokacin shi yake fara hurawa kowace shekara, a gaban kowa, kafin ya koma bakin ƙofa.

Fermin ya ƙara shekara shida. Ya warke daga tarin fuka, ya ga babbar 'yarsa ta zama malamar makaranta, ya rasu cikin sanyin watan Yuni, tsakiyar hunturun ƙasarmu. Liborio ya bi gawar da ƙahonsa har maƙabarta yana busawa ƙasa-ƙasa. Mutane da yawa ba su san ƙahon yana iya yin haka ba.

Bara Señorita Herminia, wadda yanzu furfura ta fara fito mata, ta ce a fara auna mata su ma, masu tsintar dutse da masu girki a bakin rami, tunda ƙura da hayaƙi ba sa tambayar mace ce ko namiji. Mata suka ƙi. Suka ce ba za su sa baki inda ƙartin gari suka sa ba, ko da an nuna musu ana sauya bakin bututun. Kwana biyu ɗaki ba kowa. A na uku Doña Genara ta sauke tukunya, ta goge hannu a zani, ta shigo da hularta a ka. Mata kusan ashirin suka biyo ta suka cika taga.

Liborio ya gyara tsayuwa. "Cire hula. Suna?"

Ta dube shi. Ya bar maganar hula.

Ya fara bayanin inda ake ɗebo iska, ta ture hannunsa, ta ɗauki bututun ta hura. Shekara arba'in tana hura wutar kara a tsaunin da ko ashana ba ta son kamawa. Layin ya tashi ya miƙe, ya yi ta tafiya. Herminia ta ɗauko takardar Liborio ta wannan shekarar ta ajiye kusa da ta matarsa, ta gyara tabarau, ta ce in aka duba shekaru da tsawo, Doña Genara ta wuce shi, kuma ba da kaɗan ba.

Liborio ya ce akwatin ya tsufa. Aka sake. Ya ce hancinta bai matsu da kyau ba. Aka sake na uku, ta ƙara a kan na farko. Matan taga suka shigo suka yi layi, kowace tana son a gwada ta da Don Sha-Ɗaya.

Doña Genara ta karɓi takardarta ta ninke, ta nufi ƙofa. Liborio ya bi ta yana cewa ai ita ba ta taɓa shiga rami ba, kuma shi jiya ya yi busa a biki har biyu, kuma kowa ya san da safe ƙirjinsa bai gama buɗewa ba.

"To," in ji ta. "In ya buɗe ka zo ka hura mini wuta. Kunu ya huce."